Kwana uku a bakin teku da ƙananan yara: muna neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa

Baban Amira (Samaru):
Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, shawara nake nema a kan wata tafiya da muke shiryawa, ni da abokaina biyu, kowa da iyalinsa. Maganar daga 'yata Amira ta samo asali, wadda shekararta bakwai. Ta dawo daga makaranta da taswirar Najeriya da aka sa su shafa wa launi, ta ɗora yatsa a kan shuɗin da ke ƙasan taswirar, ta tambaye ni ko wannan ruwan ya kai dam ɗin jami'a girma. Na yi mata dariya a lokacin, amma da na kwanta sai abin ya dawo mini, domin ni kaina da na je Legas har sau biyu ban taɓa tsayawa a gaban teku ba. Daga tasha sai wurin aiki, daga wurin aiki sai tasha.

Abin da muka tsara shi ne mu tashi daga nan Zariya a hutun watan Disamba, mu kwana uku a Legas, yara su ga teku da idonsu, mu juyo. Manya shida ne, yara bakwai, babbansu shekararsa goma, ƙaraminsu kuwa ko yaye shi ba a yi ba. Ina son a gaya mini gaɓar da ta dace da yara irin waɗannan, da hanyar da ta fi sauƙi tsakanin mota da jirgin sama. Abin da ya fi damuna kuma shi ne yadda za mu raba ɗawainiya ba tare da wani ya ji an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, domin samunmu ba ɗaya ba ne.

Kawu (Ƙofar Doka):
Wa alaikumus salam. Baban Amira, ka san tun kana ƙarami ba na ɓoye maka gaskiya. Na yi aikin jirgin ƙasa shekaru masu yawa, kuma a zamaninmu mutum yakan hau jirgi a tashar nan ta Sabon Gari, ya bi ta Kaduna da Minna da Jebba da Ilori da Ibadan, ya kwana a hanya, sannan ya sauka a tashar Iddo ta Legas ƙafafunsa a kumbure. Na tsaya a gaɓar teku ta Bar Beach tun lokacin da ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna a can ana harbe su a gaban jama'a, wurin da yanzu aka cike da yashi aka kafa sabuwar unguwar da ake kira Eko Atlantic. Saboda haka ba rashin sanin wurin ne ya sa zan faɗi abin da zan faɗa ba.

Tafiyar da ta haura kilomita 800 a zuwa, haka kuma a dawowa, da jariri a goye, don kawai a kalli ruwa yini ɗaya ko biyu, ni a wurina sayen wahala ne da kuɗi. Idan ruwa yarinya take son gani, ga Tiga nan a jihar Kano, ku tafi da safe ku dawo kafin magariba. Idan kwana kuke so ku yi, ku je Yankari, ruwan Wikki garau yake ana ganin ƙasansa, da ɗuminsa dare da rana, ga kuma namun daji. Abin da ya ragu ka adana wa Janairu, wanda ke tafe da takardar kuɗin makaranta a hannu kamar mai bin bashi.

Maman Sadiƙu (Gyallesu):
Kawu, Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa, yau kam zan ɗan saɓa maka, domin mu bara muka yi wannan tafiya, gida biyu, da yara biyar. A mota biyu muka tafi. Mun kwana a Abuja wurin yayata, muka tashi bayan asuba muka kama hanyar Lakwaja. Da muka hau gadar Murtala, Sadiƙu ya leƙa ta taga ya ga faɗin kogin Kwara, sai ya kurma ihu cewa mun iso teku, ƙannensa suka ɗauka suna tsalle a kujerar baya. Babansa ya ce masa wannan ai kogi ne, yana iya hango ƙetarensa, ya bari sai ya ga ruwan da ba shi da ƙetare. Yaron nan bai yarda ba, har muka wuce Okene yana gardama.

Ranar da muka je gaɓar, kafin mu ga ruwan sai da muka ji shi. Muna tafiya cikin yashi ƙafa na nutsewa, ana jin wani rugugi kamar hadarin Agusta yana tasowa daga nesa, alhali sama fes take. Da muka haura tudun yashin, duk su biyar suka yi cak. Sadiƙu, wanda ya yini yana gardama, ya daɗe yana kallo da hannu a goshi, can ya juyo ya tambayi babansa a hankali ina mutanen wancan ɓangaren suke. Ƙanwarsa Ummi ta riƙe zanena da hannu biyu, sai da kumfa ta zo ta shafi yatsunta ta koma sannan ta saki. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta tofar, ta ce mini wa ya zuba wa ruwan gishiri haka. Kawu, na je Tiga, kuma ina son wurin, amma Tiga ba za ta sa yaro ya yi irin wannan shirun ba. Gani ya kori ji.

Sai dai zan faɗi kurakuranmu don kada Baban Amira ya maimaita su. Na farko, ranar Lahadi da yamma muka fara zuwa, a ɗaya daga cikin gaɓoɓin yankin Lekki, kuma wallahi ba mu yi sa'a biyu ba muka tattara. Kiɗa daga kowace rumfa kamar zai fasa kunne, ga cinkoso, ga shigar da ba ka son yaronka ya buɗe ido ya gani. Komai kuma da kuɗinsa: shiga, ajiye mota, rumfa, kujera, har kular abincin da muka shigo da ita sai da aka nemi mu biya mata. Na biyu, mun ɗauka kwana uku za su ishe mu, ashe mai tafiya a mota da yara sai ya ware kwana biyu na zuwa, biyu na dawowa. Wanda ya ce zai yi ta a yini ɗaya zai shiga Legas da tsakar dare da yara masu amai, kuma washegari babu mai iya tashi.

Bazazzagin Agege:
Salamu alaikum mutanen gida. Ni ɗan Tudun Wada ne, amma na daɗe ina kasuwanci a nan Agege, kuma na sha raka baƙi daga gida zuwa bakin ruwa. Abin da Maman Sadiƙu ta faɗa game da Lahadi gaskiya ne, kuma a Disamba abin ya fi haka, musamman daga tsakiyar wata zuwa sabuwar shekara, lokacin da mutanen waje ke dawowa, kuɗin masauki ya tashi, hanyar Lekki ta cushe. Idan da hali, ku zo da zarar an ba yara hutu, ku je gaɓa ranar Talata ko Laraba da sassafe, ku bar wurin kafin la'asar. A irin wannan lokacin za ku tarar da wurin kusan naku ne ku kaɗai, sai masunta da masu sayar da kwakwa.

Game da gaɓar da ta dace da yara, ni Tarkwa Bay nake kai mutane. Dalili shi ne tana a bakin mashigar jiragen ruwa, a bayan dogayen shingayen duwatsun da aka jera tun zamanin Turawa don kare tashar, saboda haka igiyar ruwa tana isowa ne bayan ƙarfinta ya karye. Mota ba ta zuwa, sai a jirgin ruwa daga Marina ko Falomo, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Amma a kula, daf da ita akwai wata gaɓar da ke fuskantar teku kai tsaye, ta wajen hasumiyar fitila, kuma wannan ba ta yara ba ce ko kaɗan. Su Elegushi da Eleko mota na kai mutum har bakinsu, sai dai ruwansu da ƙarfi yake bugawa. Wanda kuma ya ga hotunan gaɓar Landmark a waya yake sha'awa, ya sani an rushe wani sashe nata a 2024 saboda aikin babban titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba, don haka ya bincika halin da ake ciki kafin ya sa ta a lissafi.

Za a zo muku da dawaki a ce yara su hau a ɗauke su hoto. Ɗan Zazzau da ya saba ganin hawan daushe, idan ya ga waɗannan dawakan tausayi za su ba shi, amma yara ba ruwansu, sai kun biya. Ku daidaita farashi kafin yaro ya hau, ba bayan ya sauko ba.

Maman 'Yan Biyu (Shika):
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya sa na shigo shi ne na ga ana ta maganar wuri da lokaci, ba a tsaya sosai a kan ruwan kansa ba. Yaranmu na nan ba su san ruwa mai ja ba. Wanda ya fi ƙwarewa a cikinsu shi ne wanda ya saci jiki ya je Kubanni ko Galma ya yi iyo, kuma irin wannan shi ya fi ba ni tsoro, domin yana ganin ya iya. Teku ba haka take ba. Igiya tana bugowa ta koma, kuma lokacin komawarta tana kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, ta yadda babba ma yakan tangaɗa, balle yaro ɗan shekara huɗu. Akwai kuma wuraren da ruwan da ya taru a gaɓa yake samun hanya ɗaya ya koma ciki da gudu kamar kwata, kuma abin mamaki nan ne yakan fi kama da wuri mai lafiya, saboda kumfa ba ta fashewa a wurin. Wanda wannan ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman dawowa kai tsaye, zai gaji ya nutse. Ya bi ta gefe, a tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinsa. Wannan na manya ne da suka iya iyo. Su yara ƙa'idarsu ɗaya ce: ruwa kada ya wuce ƙaurinsu, kuma hannun babba yana kusa da za a iya cafke su.

Abu na biyu da mutane ba su sani ba shi ne yaron da ke nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kiran ceto. Shiru yake yi, kuma cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Haɗarin tafiyar gayya shi ne kowa yana zaton wani ne ke kallo. Uwa ta ɗauka uba na gani, uba ya ɗauka matar abokinsa na gani, alhali kowa waya yake dannawa. Ku raba yaran nan bakwai da suna, a ce wane kai ne da wane da wance, kuma idan mutum zai je sallah ko bayan gida ya danƙa su hannu da hannu ga wani, ya faɗa da baki. A jirgin ruwa kuwa kada kowa ya shiga sai da rigar kariya, kuma ku duba cewa akwai daidai jikin yara, domin rigar babba a jikin yaro sulluɓewa take yi ta kansa. Idan babu ta yara, ku fasa shiga wannan jirgin.

Kawu, da girmamawa, ruwan dam ma ba a rasa shi da nasa. Tsargiya daga ruwan daɗi mai kwanciya ake ɗaukarta, inda ƙananan dodon koɗi suke, kuma mun sha ganin yara na fitsarin jini saboda wankan rafi da kududdufi. Ruwan gishiri ba ya ɗauke da ita. Abin da za a yi tanadi dominsa a Legas shi ne sauro, da rana, da gudawa. A tafi da gidan sauro, da hula ga kowane yaro, da ruwan sha mai yawa, da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. Idan ya ƙare, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin gishiri, a shafe ba a tula ba, a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Kawu (Ƙofar Doka):
To, kun ji dai. 'Yar nan ta Shika ta zo ta gyara mini magana a kan dam, na karɓa, amma duk sauran abin da ta faɗa ai ƙarfafa ni ta yi. Wurin da sai an raba yara da suna kamar masu gadi, sai an auna ruwa da ƙauri, shi ne ake kira wurin hutu? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maman 'Yan Biyu (Shika):
Kawu, ba hana tafiya na zo yi ba. Titin Kwangila ma sai an riƙe hannun yaro ake tsallaka shi, kuma ba mu daina zuwa kasuwa ba.

Malamin Islamiyya (Tudun Jukun):
Bismillahir Rahmanir Rahim. Zan taɓa ɓangaren da ya shafi ibada, domin na ga matafiya da dama suna rikicewa a kansa. Tafiya daga Zariya zuwa Legas ta wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya mil 48 ne. Saboda haka azahar da la'asar da isha'i raka'a bibbiyu za ku yi, asuba da magariba suna nan yadda suke. Tunda kwana uku kuka yi niyya, kasarunku na nan har ku dawo. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku shi ne yake cika sallah daga isarsa. Idan kuka bi limamin gari, sai ku cika tare da shi.

Ruwan teku kuwa ana alwala da shi. Ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, daga Abu Huraira, cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, idan suka yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, sai ya amsa masa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Wannan hadisi muna karantar da shi ga yara a nan, su haddace shi ba su taɓa ganin abin da ake magana a kai ba, kuma ni ina ganin yaron da ya yi alwala da ruwan gishiri sau ɗaya ba zai manta da shi ba. Don haka ban ga aibin tafiyar ba a asalinta. Aibin yana shigowa ne ta inda Maman Sadiƙu ta nuna, wato kai iyali cikin tsiraici da shaye-shaye, ko kuma cin bashi don a yi ta. Wanda ya kauce wa waɗannan biyun, Allah ya kai shi lafiya. Ina ƙara jan hankali a kan ɗaukar hoton matan abokai a watsa a waya ba da izininsu ba, domin na ga wannan ya ɓata zumunci.

Baban Khalifa (Hanwa):
Malam ya gama da nasa, bari ni in shiga inda Baban Amira ya ce ya fi damunsa, domin ni abin ya taɓa cina. Shekarun baya mun yi irin wannan tafiya, ba Legas ba, amma gida uku muka haɗu kamar ku. Muka tafi a kan cewa ai mu 'yan'uwa ne, kowa ya biya abin da ya tarar, in an dawo a yi lissafi. A gidan mai ni ne a gaba, na biya. A masauki katin ɗayanmu ya ƙi aiki, na biya. Da aka dawo, kunya ta hana ni tambaya, su kuma mantuwa ko wani abu ya hana su tayar da maganar, kuma har yau tsakanina da ɗaya daga cikinsu gaisuwa ce kawai a masallaci. Ba yawan kuɗin ne ya yi mini ciwo ba, shirun ne.

Shawarata ita ce ku zauna tun yanzu, ku rubuta abin da yake na tarayya, wato mai, masauki, abinci, kuɗin jirgin ruwa da na shiga, ku tara kuɗin a hannun mutum ɗaya kafin a tayar da mota, ya riƙa rubuta duk abin da ya fita a inda kowa zai gani. Tsaraba da hawan doki da kwaɗayin yara kowa ya ji da nasa. Rabon kuma a yi shi bisa kawuna, mai yara huɗu ba zai biya daidai da mai yaro ɗaya ba.

Maman Sadiƙu (Gyallesu):
Baban Khalifa, na yarda da tara kuɗi tun farko, amma ban yarda da ƙirga kawuna ba. Sau da yawa mai yara da yawa shi ne mai ƙaramin ƙarfi, kuma idan aka ce sai an lissafa har jaririn da ke shan nono, to an kore shi ne da dabara. Mota dai man da za ta sha ɗaya ne ko da yaro biyu ko da huɗu, ɗaki ma haka. Mu gida-gida muka raba, kuma maigidan da ya fi samu ya ce shi zai ɗauki kuɗin mai shi kaɗai, ya faɗa a gaban kowa tun a Zariya, aka yi masa godiya, magana ta ƙare. Kyautar da aka ambata tun farko daban take da bashin da ake jin kunyar tambaya.

Baban Khalifa (Hanwa):
Hajiya, idan an samu mai irin wannan zuciyar ai babu gardama. Ni ina magana ne a kan inda ba a samu ba. Amma na janye a kan jarirai da mai. Abinci da kuɗin shiga dai a bar su bisa kawuna, tunda a ƙofa ma haka ake karɓa.

Maman Amira (Samaru):
Assalamu alaikum. Tunda maigida ya kawo maganar gidanmu gaban jama'a, bari ni ma in sa baki da izininsa. Ina ta karantawa tun jiya, kuma na lura duk lissafin da ake yi babu wanda ya tambayi wa zai yi girki. An ce za a kama gida mai kicin don a rage kashe kuɗi, na kuma san ma'anar wannan: mu mata uku za mu tashi da asuba mu dafa wa mutum goma sha uku abin kari, mu ƙulla na rana a kula, mu je bakin ruwa mu yini muna bin yara, mu dawo mu wanke musu yashi daga kai har kunne, mu ɗora tukunyar dare, maza kuwa suna rumfa suna shan kwakwa suna maganar siyasa. Idan haka ne, ba hutu muka je ba, murhu kawai muka sauya. Ni ma ban taɓa ganin teku ba, kuma ina son in zauna in kalle ta ko da na sa'a ɗaya ce babu wanda ke jan mini hijabi.

Maman Sadiƙu (Gyallesu):
Maman Amira, kin faɗi abin da na haɗiye. Haka aka yi mana a rana ta farko, har sai da na yi magana. Abin da ya cece mu shi ne guzurin da muka yi daga gida: dambun nama, da kilishi, da soyayyen yaji, da cincin, da garin kunu, da ƙuli-ƙuli da garin kwaki. Da waɗannan da burodi da shayi an gama da safe da rana, da dare kuma a saya. Dafaffiyar shinkafa kada ki bar ta ta yini a kula, domin zafin Legas mai gumi ne, ba irin sanyin hunturun da za ku baro a nan ba, abinci da wuri yake juyawa. Ki tafi da tufafin yara ninki biyu na abin da kike zato, da leda babba ta jiƙaƙƙun kaya, saboda wanki a can ba ya bushewa da sauri kamar a Zariya. Ke kuma ki sa dogon wando mai kauri a ciki, da hijabin da ba ya ɗaukar ruwa, domin atamfa idan ta jiƙe nauyi take yi ta nannaɗe ƙafa.

Bazazzagin Agege:
A kan abincin dare kada ku damu, a Agege da Idi-Araba da Obalende akwai tuwo da masa da tsire na mutanenmu, kamar kana Tudun Wada. Idan kuma yini ɗaya ya rage, ku kai yaran gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, inda aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976, ku kuma bi da su ta gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12 a kan ruwa. Wannan gadar kaɗai takan ishi yaro labarin wata guda. Jirgin ruwan dawowa daga Tarkwa Bay dai kada ku bari ya kai yamma lis.

Baban Amira (Samaru):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da dare mun zauna mu uku, na karanta musu duk abin da aka rubuta, har da na Maman Amira, wanda ya sa ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Ga inda muka tsaya. Kuɗin jirgin sama na mutum goma sha uku ya fi ƙarfinmu, saboda haka mota biyu za mu bi ta Abuja da Lakwaja, ba tafiyar dare, kuma mun mayar da tafiyar mako guda: biyu zuwa, uku a can, biyu dawowa. Za mu tashi a farkon hutu. Kuɗin tarayya za mu fara tarawa daga albashin wannan watan a hannun ɗayanmu, mai da masauki gida-gida, abinci da kuɗin shiga bisa kawuna, yaran da ba su kai shekara uku ba babu su a lissafi. An raba yaran da suna kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta ce, kuma mu maza ne za mu tsaya a bakin ruwa da su, mata su zauna a rumfa. Girkin dare an soke shi.

Abu ɗaya ne bai warware ba. Abokina mai jaririn yana ɗari-ɗari da shiga jirgin ruwa da goyo, musamman idan ba a samu rigar kariya daidai shi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wataƙila su tsaya a gaɓar da mota ke zuwa su kalla daga nesa, mu mu ƙetara, wataƙila kuma duk mu haƙura da Tarkwa Bay. Bazazzagin Agege, don Allah ka leƙa mana wurin masu jiragen ka ga irin rigunan da suke da su kafin mu yanke. Kawu, ina fatan ba ka yi fushi ba.

Kawu (Ƙofar Doka):
Fushin me zan yi, tunda kun ƙara kwanakin hanya kuma kun bar tafiyar dare? Ra'ayina dai yana nan, Yankari ta fi kusa. Ka biyo ta gida kafin ku tafi, akwai wata tsohuwar kular ruwa tawa mai riƙe sanyi da ta fi waɗannan na yanzu, ka karɓa. Idan kuma hanya ta bi da ku ta Iddo, ka tsaya ka ɗauko mini hoton tashar, ina son in ga ko ƙofar da muke fita ta cikinta tana nan.